Ostiraliya: Ƙasar da Aka Ce Ba Ta da Mai Ita

Idan aka ambaci Ostiraliya a majalisar masu bin labaran duniya, abin da yakan fara faɗo wa yawancin mutane a rai bai wuce wata ƙasar Turawa mai nisa ba, mai dabbar nan da ke goyon ɗanta a jakar ciki, wadda wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila ya tarar da ita fayau babu kowa ya kafa mata tuta. Har waɗansu ma sukan rikita ta da Ostiriya, alhali kuwa ita wannan ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Turai, wadda ko bakin teku ba ta da shi. Bayan wannan kuma akwai hikayoyi masu ban al'ajabi da ake yaɗawa game da ita a gutsuttsure, kamar cewa sojojinta sun taɓa fita yaƙi da tsuntsaye, ko zomaye sun kusa cinye ta, ko raƙuma suna yawo a dajinta babu makiyayi. Yawancin hikayoyin nan gaskiya ne, sai dai wanda ya ji su ɗai-ɗai ba zai gane cewa rassa ne na mas'ala guda ba, watau zaton da baƙi suka yi cewa ƙasar kango ce wadda ba ta da mai ita, da kuma abin da wannan zato ya haifar. Manufar wannan sharhi ita ce a tsefe al'amarin tun daga tushensa.

Ma'anar muhimman kalmomi

Sunan Ostiraliya daga harshen Latin ya fito, ma'anarsa kuwa ƙasar kudu, kuma wani mai binciken gaɓar teku ɗan Ingila, Matthew Flinders, shi ne ya yi ta kiran a riƙa amfani da shi a farkon ƙarni na 19. Faɗin ƙasar ya kai wajen murabba'in kilomita miliyan 7.7, ya ninka na Nijeriya fiye da sau takwas, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, kuma galibinsu a biranen bakin teku suke zaune. Babban birninta Kanbera ne, wanda aka aza harsashinsa a 1913 domin raba gardama tsakanin Sidni da Melbon, saboda kowannensu ya ƙi yarda ɗayan ya zama hedkwata.

Kalmar Aborijin ita ma Latin ce, tana nufin mutanen da suke wuri tun daga farko, wato 'yan asalin ƙasa. Laƙabi ne da baƙi suka haɗa al'ummu ɗaruruwa a ƙarƙashinsa, kowace da sunanta da yankinta. Akwai kuma wata al'umma dabam, mutanen tsibiran mashigin Torres, waɗanda ke tsakanin arewacin Ostiraliya da Niyu Gini, masu nasu asali da nasu al'adu. Kalma ta uku da ya wajaba a riƙe ita ce terra nullius, wani isɗilahi na malaman shari'ar Turai wanda fassararsa ita ce ƙasar da ba ta kowa ba, wadda duk hukumar da ta riga kafa iko a kanta ta mallake ta ba tare da ciniki ko yarjejeniya ba.

Mutanen farko da daɗewarsu

Masu haƙar kufai sun yi ittifaƙi cewa mutane sun zauna a Ostiraliya aƙalla shekara 50,000, waɗansu kuma, bisa hujjar kayayyakin da aka tono a wani kogon dutse mai suna Madjedbebe a arewa, suna kai lissafin zuwa 65,000, ko da yake akwai malaman da ba su gamsu da wannan adadi na biyu ba. A bakin wani busasshen tafki mai suna Mungo an sami ƙasusuwan mace da namiji da aka binne wajen shekara 40,000 da suka wuce, kuma yadda aka yi musu sutura ya nuna jama'a ce mai tsarin jana'iza da girmama mamaci.

Lokacin da Turawa suka iso, ana magana da harsuna wajen 250 a ƙasar, ban da karin harshe, kuma kowace al'umma ta san iyakar ƙasarta, da rijiyoyinta, da wuraren da take tsarkakewa, tana adana wannan ilimi cikin waƙe-waƙe masu tsawo waɗanda ke lissafa duwatsu da mashaya bi da bi, har matafiyi ya iya ratsa hamada da abin da ya haddace. Sun kuma kasance suna sarrafa daji da wuta, suna ƙona shi kaɗan-kaɗan a lokacin da ya dace domin sabuwar ciyawa ta tsiro, dabbobi su matso, gobara mai ƙarfi kuma ta rasa abin ci. A Budj Bim, cikin jihar Biktoriya, mutanen Gunditjmara sun gina magudanai da madatsai na dutse domin kiwon wani kifi mai siffar maciji, aikin da aka ƙiyasta wani sashensa ya kai shekara 6,600, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2019. Wanda ya haƙa magudana ya gyara ta zuriya bayan zuriya, da wuya mai adalci ya ce wurin ba shi da mai shi.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya shahara, cewa wai sunan kangaru yana nufin "ban gane ba", wai amsar da wani ɗan ƙasa ya ba Bature ke nan da ya tambaye shi sunan dabbar. Wannan ƙage ne: kalmar daga harshen Guugu Yimithirr take, suna ce ta wani jinsin dabbar, kuma James Cook, matuƙin jirgin nan na Ingila, da mutanensa sun rubuta ta a 1770.

Fataken Makasar da tsamiyar da suka bari

Cook ba shi ne Baturen farko da ya ga ƙasar ba, domin wani ɗan Holan, Willem Janszoon, ya riga shi sauka a gaɓar arewa tun 1606. Abin da ya fi wannan ɓoyuwa ga jama'a shi ne cewa Musulmi masunta daga Makasar, a tsibirin Sulawesi na Indunusiya ta yau, sun kasance suna zuwa arewacin Ostiraliya kowace shekara, aƙalla tun tsakiyar ƙarni na 18, suna biyo iskar damina cikin jiragensu masu filafilai, domin su kama wata halittar teku mai siffar gurji da ake kira taripan, su dafa, su busar, su kai wa 'yan kasuwar Sin waɗanda ke sayenta da tsada. Sukan yi watanni tare da mutanen Yolngu, 'yan asalin yankin, suna musayar gatura da wuƙaƙe da tufafi da taba, har auratayya ta shiga tsakani, waɗansu 'yan ƙasar ma suka bi jiragen zuwa Makasar. Flinders da kansa ya ci karo da ayarin jiragensu a 1803.

Alamun wannan cuɗanya suna nan har gobe. A harshen Yolngu kuɗi ana ce musu rupiya, Bature kuwa balanda, daga sunan da mutanen Makasar ke kiran 'yan Holan da shi. A wuraren da fataken suka riƙa yada zango kuma itatuwan tsamiya ne suka tsiro daga ƙwallayen da suka zubar. Hukuma ce ta kashe wannan fatauci da haraji da hana lasisi, jirgi na ƙarshe ya koma gida a 1907.

Fursunoni da kafuwar mulkin Ingila

Dalilin da ya sa Ingila ta waiwayi wannan ƙasa mai nisa shi ne cewa, bayan Amurka ta ƙwaci 'yancinta, an rasa inda za a riƙa jibge masu laifi, gidajen kurkuku kuma suka cika maƙil. Saboda haka aka tura jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni fiye da 700 da masu gadinsu, suka kafa sansani a inda Sidni take ranar 26 ga Janairu, 1788. Daga wannan shekara zuwa 1868 an kai mutum wajen 162,000, waɗanda da yawansu laifinsu bai wuce ƙaramar sata ba, waɗansu kuma 'yan tawayen siyasa ne daga Ailan. Wanda ya cika wa'adinsa yakan sami gona ko sana'a, har waɗansu suka zama attajirai: Mary Reibey, wadda aka kama tana yarinya bisa zargin satar doki, ta zama babbar 'yar kasuwa, kuma hotonta ne a kan takardar dala 20 ta ƙasar a yau. A da mutane kan ɓoye wannan asali saboda kunya, amma yanzu da yawa alfahari suke yi da shi.

Ga 'yan asalin ƙasa kuwa, zuwan jiragen nan mafarin musiba ne. Annobar agana ta auka wa mutanen yankin Sidni a 1789 ta hallaka jama'a mai yawa, sa'an nan makiyayan tumaki suka riƙa kutsawa cikin ƙasa suna mamaye mashaya, abin da ya jawo faɗace-faɗace da kisan gilla na shekaru fiye da ɗari. A Myall Creek, cikin 1838, an kashe aƙalla mutum 28 waɗanda ba su ɗauke da makami, kuma abin da ya sa wannan waƙi'a ta fita dabam shi ne an yi shari'a an rataye bakwai daga cikin makasan, alhali a mafi yawan irinta ba a hukunta kowa ba. Ingila ba ta ƙulla wata yarjejeniya da mutanen ƙasar ba, saɓanin yadda ta yi da Maori na Niyu Zilan a 1840. Har da wani mai suna John Batman ya yi ciniki da dattawan yankin Melbon a 1835, gwamna ya soke cinikin, da hujjar cewa ƙasar duka ta sarautar Ingila ce, ba wanda ke da ikon sayar da ita sai ita.

Raƙuma, madugai da masallatai

Tsakiyar Ostiraliya hamada ce wadda doki da sa ba sa jure ƙishirwarta, don haka, tun daga 1860, aka fara shigo da raƙuma tare da masu jansu daga Afganistan da Balucistan da Sindh da Panjab, aka haɗa su duka aka kira su Afgan. Mutum fiye da 2,000 ne suka zo, galibinsu Musulmi, kuma ayarinsu ne ya yi jigilar kayan aikin wayar tangarahu da ta ratsa ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin, wadda aka gama a 1872, ya kai abinci da ruwa ga mahaƙar zinariya, ya fito da gashin tumaki daga rugage masu nisa. Duk wanda ya san azalai da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri ya san irin wahalar wannan sana'a da irin haƙurin ma'abotanta. A duk inda suka yi mazauni sukan gina masallaci, da farko na laka ko na kwano kamar na Marree da Broken Hill, daga baya kuma na dutse da bulo kamar na Adelaide, wanda aka gina wajen 1888 kuma har yau ana salla a cikinsa. Jirgin ƙasan da ke bin wannan hanya daga kudu zuwa arewa ana kiransa Ghan, domin tunawa da su.

Da motoci da jiragen ƙasa suka karɓe aikin a shekarun 1920 da 1930, madugan suka saki raƙumansu cikin daji, su kuwa suka sami ƙasar ta karɓe su, suka hayayyafa har suka zama garken raƙuman daji mafi girma a duniya, mai ɗauke da dubu ɗaruruwa. A yau hukuma na rage su saboda ɓarnar da suke yi wa mashaya, ana kuma sayar da namansu da waɗansu masu rai zuwa ƙasashen waje, har da na Larabawa.

Zomaye, kwaɗi da yaƙin tsuntsaye

Wanda ya ɗauki ƙasa a matsayin kango yakan zuba mata abin da ya ga dama, kuma wannan shi ne asalin fitinar dabbobin da aka shigo da su. A 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki zomaye kamar 24 kusa da Geelong domin farauta. Da yake babu sanyin hunturu mai kashe su kuma maƙiyansu kaɗan ne, cikin shekaru hamsin suka mamaye yawancin nahiyar, suna cinye tsiro har ƙasa ta zaizaye. Tsakanin 1901 da 1907 aka kafa shingayen waya masu tsawon fiye da kilomita 3,000 a yammacin ƙasar domin tare su, amma ba a ga sauƙi na sosai ba sai a 1950, da aka sako musu wata cuta da gangan. Haka kuma a 1935 aka kawo wani babban kwaɗo mai dafi daga Hawai domin ya cinye ƙwarin rake a Queensland, sai ya ƙyale ƙwarin, ya yaɗu, dafinsa yana kashe dabbobi da yawa da suka haɗiye shi.

Yaƙin tsuntsaye kuwa a 1932 ya faru, lokacin da emu, wani tsuntsu ɗan asalin ƙasar mai kama da jimina, wajen 20,000, suka auka wa gonakin alkama a yammaci, gonakin da aka raba wa tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Farko a wuraren da tsuntsayen suka saba bi neman ruwa. Gwamnati ta tura 'yan sojoji ƙalilan da bindigogi masu jigida guda biyu, amma tsuntsayen kan watse da gudu da zarar an fara harbi, kuma bisa rahoton shugaban sojojin, waɗanda aka kashe ba su cika dubu ba bayan an ƙarar da harsashi kusan 10,000. Daga bisani aka koma ga shinge da biyan lada ga mafarauta. Emu da kangaru su ne dabbobi biyu da ke riƙe da tambarin ƙasar.

Ci gaba a hannu guda, wariya a ɗayan

Yankunan da Ingila ta kafa a Ostiraliya sun riga yawancin duniya a waɗansu gyare-gyaren siyasa. A 1856 aka fara jefa ƙuri'a a asirce da takardar da hukuma ta buga, mata suka sami ikon zaɓe a Ostiraliya ta Kudu a 1894, kuma tun 1924 fita zaɓen tarayya wajibi ne, wanda ya ƙi ba da uzuri a ci shi tara. A nan ne kuma aka ƙago takardar kuɗi ta leda a 1988, irin wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a naira 20 cikin 2007.

To amma tarayyar da aka kafa ranar 1 ga Janairu, 1901, ɗaya daga cikin dokokinta na farko ita ce ta toshe ƙofa ga wanda ba farar fata ba. Hanyar da aka bi kuwa ita ce jarrabawar shifta: jami'i zai karanta wa baƙo kalmomi 50 cikin kowane harshen Turai da ya zaɓa, ko da baƙon bai taɓa jinsa ba, in ya kasa rubutawa a mayar da shi. Wannan doka ta hana madugan raƙuma da yawa dawowa bayan sun je ganin gida, kuma ba a kawar da ragowar manufar ba sai 1973. A cikin gida kuma, har zuwa wajen 1970, hukumomi sun riƙa raba 'ya'yan Aborijin da iyayensu, musamman masu ruwa biyu, ana kai su gidajen mishan da na gwamnati domin su manta harshensu da danginsu.

Saɓanin ra'ayi

A 1967 aka yi ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 90 cikin 100 suka amince a riƙa lissafa Aborijin cikin adadin jama'ar ƙasa, a kuma ba gwamnatin tarayya ikon yin dokoki dominsu. Mutane da yawa suna zaton a nan ne suka sami ikon zaɓe, alhali na tarayya tun 1962 aka ba su. Maganar da ake yaɗawa kuma cewa kafin nan doka tana lissafa su cikin dabbobi da itatuwa ba ta da asali. Babban juyi ya zo ne ranar 3 ga Yuni, 1992, sa'ad da kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer, ya shigar da shi da abokansa shekara goma kafin nan, ta rushe da'awar terra nullius, ta tabbatar cewa haƙƙin mallaka na gargajiya yana nan matuƙar ba a riga an shafe shi da wata doka ba. Mabo ya rasu watanni kaɗan kafin hukuncin. A 2008 kuma Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa saboda yaran da aka ƙwace.

Duk da haka muhawara ba ta ƙare ba. Wani ɓangare, wanda malamai irin su Henry Reynolds suka ƙarfafa, yana ganin cin ƙasa da yaƙi ne aka yi, don haka gaskiya da yarjejeniya su ne magani. Wani ɓangaren kuma, irin su Geoffrey Blainey, yana ganin an cika nanata aibi har an rufe alherin da ƙasar ta samar na zaman lafiya da wadata da mulkin doka. Ranar 26 ga Janairu ita ce ranar bikin ƙasa, amma tun 1938 shugabannin Aborijin suka ayyana ta ranar makoki, kuma kowace shekara ana jayayya kan a canza ta ko a bar ta. A Oktoban 2023 aka nemi a sa wata majalisar shawara ta 'yan asalin ƙasa cikin tsarin mulki, sai kusan kashi 60 cikin 100 suka ƙi. Masu ƙi waɗansu sun ce za ta raba 'yan ƙasa gida biyu, waɗansu Aborijin kuma sun ƙi ne domin a ganinsu ta yi kaɗan.

Abin da ake sa ran zai biyo baya

'Yan asalin ƙasa a yau ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba, kuma har yanzu suna baya wajen tsawon rai da lafiya, sun kuma fi kowa yawa a kurkuku idan aka auna da adadinsu. Harsunansu da yara ke tashi da su ba su fi goma sha wani abu ba. A ɗaya hannun, an mayar musu da filaye masu faɗi, har da dutsen Uluru, wanda aka miƙa wa mutanen Anangu a 1985 aka kuma hana hawansa a 2019 bisa roƙonsu. Hikimarsu ta ƙona daji da wuri ta dawo aiki a arewa, kuma bayan mummunar gobarar 2019 zuwa 2020 kira ya ƙaru a faɗaɗa ta. Fiye da rubu'in mutanen ƙasar yanzu a waje aka haife su, Musulmi kuma sun haura 800,000 bisa ƙidayar 2021, saboda haka tambayar wane ne ɗan Ostiraliya za ta ci gaba da sauya amsa.

Hukuncin da mai insafi zai yanke bayan auna waɗannan hujjoji shi ne cewa Ostiraliya ba ta taɓa zama kango ba: tana da masu ita tun dubban shekaru, ta yi hulɗa da maƙwabta kafin Ingila ta san hanyarta, kuma hannaye iri-iri ne suka gina ta, har da na fursuna da na madugun raƙumi. Ya kamata mai karatu, duk lokacin da ya ji ɗaya daga cikin hikayoyin nan, ya mayar da ita mazauninta cikin wannan tarihi, ya kuma tuna cewa shekara 204 aka yi, daga saukar jiragen farko zuwa hukuncin Mabo, kafin shari'ar ƙasar ta amsa cewa an tarar da mutane a cikinta.